AKU MUKE KIWO, KO YARA MUKE KOYARWA?

Jama'a, akwai wata tambaya da ake yi wa yaranmu sau goma, sau ashirin a kowace ranar makaranta, kuma tun da aka fara yin ta ba a taɓa samun amsarta iri biyu ba. Tambayar ita ce, "Kun gane?" Amsar kuwa, "Eee!" Da wanda ya gane, da wanda bai gane ba, da wanda ke gyangyaɗi can bayan aji, duk da murya ɗaya suke amsawa, malam kuma ya goge allo ya wuce gaba hankalinsa kwance. A ganina wannan "Eee" tana cikin manyan ƙarairayin da ake yi a ƙasar Hausa, kuma mu manya mu muka koya wa yara ita.

Zan kafa misalina da ƙasar Mashi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, tana kuma iyaka da Jumhuriyar Nijar. Ban ce makarantunta sun fi na wasu lalacewa ba, ciwon nan ko'ina akwai shi. Na zaɓe ta ne domin ƙasa ce ta manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, inda yaro ke buɗe ido da wuri. Yarinya 'yar shekara tara da ke tallar gyaɗa tana ba da canji ba kuskure, tana riƙe bashin mutum biyar a kanta, in ka nemi ka cuce ta kuwa za ka sha magana. Yaron da ke kiwo a Doguru ko Sonkaya ko Tamilo ya san ciyawar da ke kumbura wa akuya ciki, ya san alamun hadarin da zai zubar da ruwa da wanda iska ce kawai. Wanda ke bin mahaifinsa kasuwannin bakin iyaka ya san naira daban sefa daban, ya san yadda ake juya wannan ta koma waccan. To, waɗannan yara masu kaifin baki da kaifin ƙwaƙwalwa, me ke samun su da zarar sun taka ƙofar aji, har su koma kamar an ɗinke musu baki?

Abin da ke samun su kowa ya san shi, domin duk ta nan muka biyo. Malam ya shigo, a miƙe a rera masa gaisuwa da Turancin da ba a san ma'anarsa ba. Ya yi rubutu a allo, ya karanta, yara su maimaita. Ya faɗi rabin kalma, su ƙarasa masa: "Babban birnin Nijeriya shi ne Abu...?" Aji ya ɗauka, "...ja!" Sa'an nan a ce a kwafa. In malam zai fita, sai ya bar monita da takarda yana rubuta sunayen masu surutu, watau masu magana, domin bulala ta same su in ya komo. In mai duba makarantu ya zo, ajin da ya fi kowane tsit shi ne ajin kirki. Yaro zai yi shekara shida a firamare ba a taɓa tambayarsa, "Kai me kake gani?" ba. Yarinya kuwa abin ya fi muni, don ita tun daga gida an gaya mata yawan magana ba na 'ya mace ba ne.

Wani malami mutumin Barazil, Paulo Freire, a littafin da ya rubuta a 1968 ya kwatanta irin wannan karatu da ajiya a banki: malam ya zuba, yaro ya adana, ranar jarrabawa a zo a cire. Mu a nan sai mu ce kiwon aku ne. Kai, har gara akun da Abubakar Imam ya ba mu labarinsa a Magana Jari Ce, don shi da dabara da sanin abin da ya dace a faɗa ya kai ga sarautar waziri. Namu akun maimaici kaɗai muka koya masa.

Da zarar ka ta da wannan magana, uzurin farko da za a kawo maka shi ne al'ada. Wai mu Hausawa ladabi da kunya muka gada, yaro ba ya ja da babba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wai yaro mai yawan tambaya fitsararre ne. Haba jama'a! Wace al'adar Hausa ke nan? Wace kaka ce ta taɓa yi wa jikokinta tatsuniya suna zaune kamar gumaka? In ta ce ga ta nan ga ta nanku, sai sun amsa kafin ta ci gaba, suna katse ta, suna tambaya, suna cewa Gizo bai kyauta ba. Akwai ma tatsuniyoyin da ba a rufe su sai da tambaya: cikin gwanayen nan uku wa ya fi gwaninta, wa ya cancanci a ba shi 'yar sarki? A kwana ana gardama, kowa na kawo hujja. Kacici-kacici fa? In aka ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ba a gaya maka tsintsiya ce sai ka yi ta laluben amsa, in ka gaza ka ba da gari. Mutanen da suka ƙago wannan wasa, suka kuma ce matambayi ba ya ɓata, su ne za a laƙa wa cewa ba sa son yaro ya yi tunani?

Wasu kuma addini suke fakewa da shi, alhali kuwa addini ya barranta da su. Imamu Buhari ya ruwaito a babin ilmi cewa wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Bai gaya musu amsa nan take ba, ya bar su suna ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar yana wurin, yana yaro, zuciyarsa ta ba shi dabino ce, amma kunyar manya ta hana shi faɗa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai yaba masa a kan shirun ba, sai ma ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Ku duba fa: ga malamin da ya fi kowane malami yana jefa tambaya yana jira, ga kuma uba yana son ɗansa ya buɗe baki a gaban manya. Hadda tana da muhallinta, Alƙur'ani mai girma haddace shi ake yi harafi da harafi, kuma ba mai jayayya da wannan. Amma almajirin da ya sauke ya shiga karatun zaure, ai tambaya yake yi, malam na warware masa mas'ala. Ƙasar da ta haifi Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ta haifi Muhammadu al-Katsinawi wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ba da amshin shata ta haife su ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Shirun ajinmu yana da tarihi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da waɗanda suka biyo bayanta, an kafa su ne galibi domin a sami ma'aikatan En'e da malaman da za su riƙa wa Turawa mulki, mai mulki kuwa ba ya neman akawun da zai tambaye shi dalili. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta fitar da zaƙaƙurai, amma 'yan ƙalilan ne aka tsince. Sa'an nan a 1976 aka buɗe ƙofar firamare ga kowa da kowa a ƙarƙashin shirin ilmi kyauta. Niyyar mai kyau ce, amma yara suka kwararo kamar ambaliya, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa ana tura su aji. Malamin da bai ƙoshi da darasinsa ba kuwa, ba abin da yake tsoro kamar yaro ya ɗaga hannu. Sai ya kare kansa da bulala da "ku maimaita". Waɗanda ya koyar suka zama malamai, suka koyar yadda aka koyar da su, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta yi ƙoƙari a farkon shekarun 1970 da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa, inda aka so yaro ya taɓa da hannunsa, ya gwada, ya yi magana. Ina wannan ƙoƙari ya kwana?

Uzuri na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba zan raina shi ba. Malamin ƙauye zai ce maka, "Malam, kana zaune a jami'a kana surutu. Yarana sun fi 80, wasu a ƙasa suke zaune, littafi babu, alli wani lokaci da kuɗina nake saye, albashin kuma ba ya kai ni tsakiyar wata." Gaskiyarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma alhakin wannan yana wuyan hukuma. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abubuwan da nake kira a yi ba sa cin ko kwabo, ba sa bukatar lantarki ko kwamfuta. 'Yan ɗabi'u ne da malam zai saba wa kansa da yaransa, ya riƙa yin su kullum har su zama jiki.

Na farko shi ne jira. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin darussa masu yawa ta auna, ta bayyana a 1972 cewa yawancin malamai in sun yi tambaya ba sa jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su nuna wani yaro. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu, yaran da ba a taɓa jin muryarsu ba suka fara magana. Daƙiƙa uku fa! Wane gwamna za mu jira ya sa hannu kafin malam a Mashi ya yi tambaya ya ƙirga uku a zuciyarsa?

Na biyu, kowa ya juya ga na kusa da shi. Wani malami a Jami'ar Maryland, Frank Lyman, shi ya tsara wannan dabara a 1981: a yi tambaya, kowane yaro ya yi tunani shi kaɗai, sa'an nan ya tattauna da abokin zamansa, daga baya malam ya zaɓi wasu su gaya wa aji. Mu yi lissafi. A aji mai yara 80, in malam na nuna ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar yara biyar za su yi magana kafin a kaɗa ƙararrawa, kuma kullum su ne dai biyar ɗin nan na gaba. In ya ba da minti biyu a tattauna bibbiyu, duk 80 sun yi magana. Yarinyar da ba za ta iya miƙewa gaban aji ba za ta iya raɗa wa ƙawarta, in ta ji ƙawar ta yarda da ita, gobe sai ka ga ta ɗaga hannu. Ashe yawan yara da ake kawowa uzuri shi ne ma babban dalilin yin haka.

Na uku, kalmomi shida: "Me ya sa ka ce haka?" Ko amsar yaro daidai ce ko kuskure ce, a bi ta da wannan tambaya. In ya ce bakwai da takwas sha biyar ne, a ce ya nuna yadda ya yi. Wani zai ce ya haɗa bakwai biyu ya ƙara ɗaya, wani zai ce ya cika takwas ta zama goma ya ƙara biyar. Aji ya ga hanya biyu, ya gane lissafi ba tsafi ba ne. In kuma ya ce sha shida ne, cikin bayaninsa malam zai ga inda ƙafarsa ta zame, ya gyara, maimakon ya ce masa daƙiƙi.

Na huɗu, a sa abu a gaban yara a tambaye su: me kuka gani, me kuke tsammani, me kuke son ku sani? Masana a Jami'ar Harvard sun tattara irin waɗannan dabaru sun yaɗa su a duniya, amma kayan aikinsu na nan a bayan makaranta. Ga gawo. Kowane yaro a ƙasar Mashi ya san gawo na kaɗe ganye da damina sa'ad da sauran itatuwa ke kore shar, ya kuma yi ganye da rani, ya kuma san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Me ya sa? A bar su su yi ta kawowa. Wani zai ce don ba ya tare wa shuka rana da damina, wata ta ce ganyen da ya zuba ne ya zama taki, ɗan makiyayi ya ce dabbobi na hutawa a inuwarsa da rani suna zuba kashi. Duk sun yi gaskiya, kuma sun yi kimiyya da bakinsu. Ga tulu: don me ruwansa ya fi na bokitin roba sanyi? Ga labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura: maimakon a haddace sunayen Hausa Bakwai kawai, a tambayi yara, in macijin ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, me ya hana mutanen gari haƙa wata rijiya? Wa ya fara ba da labarin nan, ta yaya ya iso gare mu? Wannan ba raini ba ne ga tarihin Daura. Irin tambayoyin da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka yi wa tarihin ƙasar Hausa ke nan, har ga shi an sa wa kwaleji sunan Bala Usman a cikin Daura kanta.

Na biyar, kafin a tashi, a kashe "Kun gane?" a binne ta. A madadinta kowane yaro ya ƙarasa wannan magana ga abokinsa: "Da ina zaton kaza, yanzu kuwa na ga kaza." Ko kuwa malam ya ce ba za a fita ba sai an yi masa tambaya uku. In an yi masa wadda ta fi ƙarfinsa, ya ce a je a tambayo iyaye, shi ma zai bincika, gobe a haɗu. Girmansa ba zai ragu ba.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa da harshen aro. Yaro ba ya kawo hujja da harshen da bai mallaki kalma hamsin a cikinsa ba, abin da zai iya da shi maimaici ne kawai. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Tun 1970 Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada a Ile-Ife, suka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi, yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, suka kuma fi su a wasu fannoni. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. A nan Jihar Katsina an shigo da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa a 2015. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa dukan shekaru shida na firamare, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke wannan manufa, wai ita ke sa yara faɗuwa manyan jarrabawa. Ikon Allah! Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, yaushe ya zauna jarrabawar gama sakandare har ya faɗi? Ba mai cewa kada a koyi Turanci, a koye shi da kyau ma. Amma wanda ya hana ɗan Mashi yin tunani da Hausa, ya hana shi tunani ke nan gaba ɗaya, Turancin ma ba zai samu ba.

Masu cewa manhaja na da yawa, jarrabawa na tafe, ba lokacin hira, sai in tambaye su: shekara nawa muka yi muna gama manhaja, kuma me muka girba? Yaran da suka kwafe littafi uku amma ba sa iya karanta abin da suka kwafa? Da a gama manhaja yaro bai gane komai ba, gara a yi rabi ya riƙe har abada.

Kada kuwa a ɗauka wannan magana ta tsaya a aji. Yaron da aka horar shekara shida ya ce "Eee" ga abin da bai gane ba, shi ne zai girma ya ce "Eee" ga ɗan siyasar da ya ba shi sabulu, ya ce "Eee" ga duk mai wa'azin da ya fi ɗaga murya, ya ce "Eee" ga duk jita-jitar da ta shigo wayarsa. Mun gani a 2014, sa'ad da aka yaɗa cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na maganin cutar Ebola, mutane suka tashi cikin dare suna dama gishiri, har da masu digiri, wasu suka ƙare a asibiti. Da an saba musu da "Me ya sa ka ce haka?" tun suna aji biyu, da sun tambayi wanda ya bugo musu waya.

Yanzu bari in juyo kanmu, don laifi tudu ne. Ya ku malamanmu na jami'a, da girmamawa nake tambaya: ɗalibin da ya kawo ra'ayin da ya saɓa wa takardar lacca, da hujjarsa, maki nawa yake samu? A kwalejojin horon malamai, sau nawa ake karanto wa ɗalibai darasi a kan muhimmancin barin yara su yi magana, su kuwa suna kwafa shiru? Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, da yawanmu haddace takarda muke yi daren jarrabawa mu amayar da safe, sa'an nan mu fito muna zagin malaman firamare. Ƙungiyar Hausa tana da aikin yi a nan, kuma ya fi bikin kalankuwa na shekara-shekara amfani. Mu tattara kacici-kacici da tatsuniyoyin gardama daga bakin tsofaffi, mu tsara su aji-aji, mu kai wa malamai. Duk wanda aka tura koyarwar gwaji, ko ya je gida hutu, ya nemi izinin hedimasta ya gwada ko da biyu daga dabarun nan, ya komo ya rubuta mana abin da ya gani a wannan mujalla. Gani ya kori ji.

Ga masu duba makarantu kuma, roƙona ɗaya ne: in kun shiga aji kun tarar da shi tsit, kada ku yaba, ku tambayi abin da ya faru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun daɗe muna tanƙwara namu ta inda bai dace ba. Allah ya ba mu yara masu ladabi da tambaya, ya ba malamansu haƙurin jiran amsa, amin.